Tattasan Laraba

Mushe Ari, wato Malam Ari, ba ya son shisshigi a lakwal ɗinsa, makarantar da yake riƙe da ita. Ya daɗe yana direktan wata firamare a bakin garin Diffa, ta wajen hanyar Gagamari, kuma ko akuya ce ta shigo harabar sai ta san wurin da mai shi. Dogo ne siriri, da tsagar Barebari a kumatu, ga gilashin da yake saukewa kan karan hanci in zai yi wa mutum irin kallon nan da ya fi mari ciwo. Malamai na shakkarsa, yara na tsoronsa, iyayen yara kuwa yabonsa suke yi, musamman tun shekarar da mutanen daji suka harbe ɗansa Al'amin a hanya cikin motar tattasai. Washegarin sadakar uku sai ga Mushe Ari a kilas da alli a hannu, kamar ba abin da ya faru. Har gobe in ana zancen dauriya a unguwar, sunansa ake kamawa.

Mace ɗaya ce ba ta san ana tsoronsa ba, ita ce Madam Élisabeth. 'Yar Dogondutsi ce, Kirista, aikin gwamnati ya kawo mijinta Yusufu garin Diffa, ya rasu a nan, ita kuma ta ƙi komawa. Ta yi aikin jinya har ƙarfinta ya ja baya, ta ajiye. Wata safiya ta shigo ofishin direkta da kwalin littattafai a ka, gajeruwa mai jiki, tana haki, ta ce a ba ta kilas ɗaya ranar Laraba da yamma, tunda ba karatu a lokacin, ta riƙa karanta wa yara labari. Ba ta neman ko sisi.

Mushe Ari ya sauke gilashi ya ce, “Madam, mai aiki ba biya yakan gaji kafin damina.”

Ta ce, “To Mushe, mu jira daminar.”

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta, Madam Élisabeth na nan kowace Laraba. Yara suka sa mata Tanti. Takan karanta da Faransanci, ta juya shi Hausa, wata yarinya mai bakin tsiya da ake kira Bushra ta mayar Barbarci saboda 'ya'yan waɗanda tashin hankali ya koro daga ƙauyukan bakin Komadugu. Amma ba karatun ne ke ɗaure wa direkta kai ba, abin da ke biyo baya ne. In an tashi, sai Tanti ta koma gindin bishiyar dogon yaron da ke tsakar lakwal, ta baje littattafan da suka yage tana manne su da ƙaro. Can sai ka ga yaro ya raɓo ya zauna gefenta. Ba ta duban fuskarsa, ba ta tambayarsa komai. Daga “Uhm” sai “Sai kuma?” Ta tagar ofis Mushe Ari yake hangen su, ya girgiza kai, don a ganinsa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma yaron da aka koya wa amayar da duk abin da ke ransa ba zai yi ƙashi ba. Sai dai shi mutum ne mai gaskiya ko a kan kansa. Ya lura yarinyar nan da ke shigewa ƙarƙashin tebur in iska ta buga ƙofa ta daina, ya kuma san ba bulalarsa ce ta yi aikin ba.

Khalilu ne kaɗai gindin dogon yaro bai ci ba. Yaro ne da bai fi shekara goma sha biyu ba, baƙi mai faɗin kafaɗa, daga wani ƙauye da yanzu ba kowa cikinsa sai jemagu. An kashe ubansa a gonar tattasai, kawunsa Ɗalha ya ɗauke shi da uwarsa. Kansa na ja, lissafi kamar ruwa, kuma ba ya fashin karatun Laraba. Yakan zo ya zauna gefen Tanti har rana ta yi ja, ya tashi bai ce uffan ba. Aibinsa ɗaya, hannu. Yana zaune lafiya lau, sai ka ji ihu, ka waiwaya ka tarar ya danne wani yana kirɓa. In an tambaye shi dalili sai ya kafe ido a ƙasa. Mushe Ari ya yi bulala, ya yi durƙuso, ya sa shi sharar haraba, duk a banza.

Ran wata Litinin lokacin hutun safe abin ya kai maƙura. Khalilu ya naushi wani yaro mai suna Abdullatif, haƙorin gaba ya fita, jini ya ɓata riga. Kafin azahar uban Abdullatif ya zo da mutanen kwamitin iyaye, aka aika aka kira kawu Ɗalha daga lambu, ya iso da laka a ƙafa. Maganarsu ɗaya ce: a kori yaron. Mushe Ari ya ce zai ba da amsa ran Asabar, amma a ransa ya riga ya yanke. Kuma kowa ya san korar ba ta canjin lakwal ba ce, don Ɗalha ya faɗa da bakinsa cewa in aka kore shi, lambu zai tafi ya riƙe tiyon ban ruwa, karatu ya ƙare ke nan.

Ɗalha ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Ya dafa kan yaron ya ce, “Mushe, wallahi ni ma ban gane shi ba. Yaro mai zuciya ne. Ranar da muka binne ubanshi ko ɗigon hawaye bai yi ba. Dattawa duk sun shi mishi albarka, suka ce wannan namiji ne. Har yau ban ga hawayenshi ba, uwarshi ma ba ta gani ba.”

Ya faɗe shi ne da alfahari, mutanen kwamiti ma suka gyaɗa kai duk da fushinsu. Madam Élisabeth ta zo karɓar mabuɗin kabad ne ta tarar da taron, tana tsaye bakin ƙofa. Mushe Ari ya ga ta dafe ƙirji da ta ji maganar, bai dai san me ya taɓa ta ba.

Da aka watse ta shigo ta zauna ba tare da an ba ta kujera ba.

“Mushe, ka ba ni Laraba.”

“Madam, Laraba nawa aka ba ki? Yaron nan ko gaisuwa bai taɓa amsa miki da baki ba.”

“Ruwa ba ya tsami banza. Ka ba ni wagga ɗaya. Kuma ina roƙon ka zo ka zauna da mu, kai ma ka gani da idonka.”

Ya so ya ce a'a. Amma mace ce da ta girme shi, ta yi wa lakwal ɗinsa hidimar da ko ministan ilimi bai yi ba, kuma ya san in ya ƙi ba za ta tashi daga kujerar ba. Ya ce zai leƙo.

Laraba bayan la'asar ya nufi kilas ɗin, tun daga nesa ya ji wari ya tare shi, warin da ya sani tun yana rarrafe. Ya shiga ya tarar an ture tebura gefe, an shimfiɗa tabarmi, an zazzage buhun busasshen tattasai a tsakiya, yara sun kewaye shi. Ransa ya ɓaci nan take. Ɗakin karatu ne ko rumfar kasuwa?

Tanti ba ta ba shi damar magana ba. Ta tafa hannu ta ce, “'Ya'yana, yau taimako nika so. Ku cire mini hancin tattasan ga, ni kuma in biya ku da labari. Amma ku ji da kyau, tattasan ga mugu ne. Jiya da na buɗe buhun sai da na yi hawaye kamar an yi mini mutuwa. Duk wanda idonsa ya kawo ruwa, kada kowa ya dube shi, kada kowa ya yi dariya. Tattasai ne.”

Mushe Ari ɗan Chétimari ne, a kan shanyar tattasai aka yaye shi. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya ɓalla, ya kai hanci. Dariya ta kusa kuɓuce masa. Na bara ne, ya koɗe, ya sha iska har ya gaji, ko jariri aka ba ya tsotsa ba zai yamutsa fuska ba. Wato an ga baƙuwa a kasuwa an sayar mata da shara, ita kuma tana nan tana kurari. Ya buɗe baki zai ce, Madam, an cuce ki, sai ta ɗago ta dube shi. Kallo ɗaya ne, irin na tsofaffin ma'aikatan jinya da ke sa majinyaci ya haɗiye magani bai shirya ba. Direktan da ake tsoro ya mayar da bakinsa ya rufe, ya jawo benci ya zauna a baya.

Sai kuma wani abu ya faɗo masa. Yaran nan fa rabinsu 'ya'yan manoman tattasai ne. Sun san na bara, sun san na bana, ido rufe. Amma ba wanda ya tona. Bushra ma, wadda ba a taɓa jin ta bar ƙarya ta wuce ba, sai ta saki wata atishawa ta ƙarya ta ce, “Kai Tanti, wannan da yaji yake!” Sauran suka ce ƙwarai kuwa, kowa ya sunkuyar da kai ga aikinsa.

Tanti ta buɗe wani ɗan littafi mai bango kore. Labarin wani yaro ne da ubansa ya tafi su cikin kwalekwale, yaron yake zuwa bakin ruwa kowace yamma da ƙwaryar abincin uban, har ruwa ya janye, har ya sake cikowa. Labari ne mara ado, ita kuma ba ta ƙara masa gishiri ba. Tana karantawa a hankali, Bushra na juyawa, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin tattasai. Wata yarinya ta fara jan hanci. Wani ya goge ido da gefen riga ya ce tattasai ne, na kusa da shi ya ce shi ma.

Mushe Ari Khalilu yake kallo. Yaron na zaune a ƙarshen tabarma, yana cire hancin tattasai da ƙarfi kamar yana da gaba da shi. Da aka zo inda yaron labarin ya ɗaga murfin ƙwaryar ya ga tuwon ya bushe, hannun Khalilu ya tsaya. Muƙamuƙinsa ya yi ta motsi. Ɗigo ɗaya ya sauka kan tattasan da ke hannunsa, ya dube shi kamar bai san daga ina ya fito ba, ya ɗago a firgice ya duba ko an gani. Ba wanda ke kallonsa. Yara sama da ashirin, kowa ya zuba ido a tabarma kamar an ce zinariya ta faɗi a ciki. Abdullatif ma, da giɓinsa da kumburarren leɓe, bai ɗago ba.

Daga nan abin ya ɓalle. Ba kukan yara ba ne mai ihu, wani gunji ne daga can ƙasan ciki, kafaɗunsa na rawa, majina da hawaye sun haɗe. Tanti ba ta tashi ba, ba ta rungume shi ba, ba ta ce yi haƙuri ba. Ta ci gaba da karatu, ta ɗan ɗaga murya yadda za ta rufe shi, har ta kai ƙarshe. Sannan ta ce yara su je rijiya su wanke hannu da sabulu kada yaji ya shiga ido, su wuce gida. Suka fita sumui-sumui. Ta jawo faranti ta zauna gefen Khalilu, ta ɗauki tattasai ta ci gaba daga inda ya tsaya.

An jima yaron ya yi magana, muryar a dushe, idonsa a kan farantin.

“A kan babur suka zo.”

“Uhm.”

“Muna ban ruwa. Baba ya ji ƙarar tun daga nesa, ya ce in kwanta cikin kwalbati, kada in yi motsi, kada in yi kuka ko me na ji. Ya ce in na yi kuka za su ji ni.”

“Sai kuma?”

“Ban yi ba, Tanti. Wallahi ban yi ba.”

“Na sani, ɗana. Ka riƙe maganarshi da kyau. Yanzu sun tafi.”

Ya ja hanci ya ce, “Su Abdullatif in an fita hutu sai su riƙa yin babur da baki, su zagaya ni, vuuum, vuuum. Ba da gayya suke yi ba, wasa ne. Ni dai in na ji, ban san lokacin da hannuna ke tashi ba.”

Mushe Ari ya san wasan. Kullum yana ganinsa ta taga, yaran da suka tashi a shekarun da aka hana hawa babur a Diffa, suna gudu da hannuwa a miƙe suna kwaikwayon abin da aka hana su gani. Ya sha yin murmushi a kansa. Bai taɓa haɗa shi da faɗan Khalilu ba, ga shi ya fasa wa yaron bulala a jiki ba sau ɗaya ba. Kunya ta kama shi, tausayi ya biyo baya, a bayan tausayin kuma sai ga wani abu da ya daɗe da rufewa ya danne da dutse. Al'amin ma yana ƙarami haka yake yin mota da baki, ya zagaya tsakar gida, ya taka burki a gaban tabarmar ubansa ya ce a biya kuɗin mota. Mushe Ari ya cire gilashi don ya goge, ya ga ba gilashin ne ya yi hazo ba. Ya yi gyaran murya, abin ya ƙi. Ya dafe baki da hannu, shi ma ya ƙi.

Motsin bencin ne ya sa Khalilu ya waiwayo. Sai a lokacin ya tuna direkta na ɗakin. Ya ga mutumin da duk unguwa ke misali da shi, hawaye na bin tsagar kumatunsa suna sauka a gemu. Mushe Ari ya rasa inda zai sa kansa. Yaron ya dube shi, ya yi sauri ya mayar da ido ƙasa, ya ɗauki tattasai ɗaya yana jujjuyawa. Ɗan manomin tattasai ne, ya san abin da ke hannunsa sarai.

Ya ce, “Mushe, tattasan nan da zafi yake.”

Mushe Ari ya ce, “Da zafi, ɗana. Na daɗe ban ga mai zafinsa ba.”

Suka zauna su uku, ba mai duban wani, suna cire hancin tattasai har aka fara kiran magariba a masallacin unguwa. Direkta ya miƙe, ya mayar da gilashinsa, ya nemo muryarsa ta aiki.

“Khalilu.”

“Na'am, Mushe.”

“Gobe kawunka zai raka ka gidan su Abdullatif ka ba da haƙuri, ni ma zan je. Wasan babur kuma an hana shi a lakwal ɗina. Ka ji?”

“Na ji, Mushe.”

“Ran Litinin ka zo da wuri. Daga ranar kai ne mai buga ƙarfen shiga kilas. Hannun nan naka mai son duka, ga abin da zai riƙa duka.”

Yaron ya tsaya jim kafin maganar ta shige shi. Mai buga ƙarfe ba korarre ba ne. Ya durƙusa ya yi godiya, ya fita da gudu har ya bar takalmi ɗaya, ya dawo ya ɗauka.

Madam Élisabeth na tattara tattasai cikin buhu, gwiwoyinta na ƙara. Mushe Ari ya riƙe mata bakin buhun, abin da ba a taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Yana kallon hannuwanta masu kaushin ƙaro, ya ji a ransa bai taɓa girmama wani ɗan Adam kamar yadda yake girmama tsohuwar nan ba, ya kuma san bakinsa ba zai iya faɗa ba. Sai ya ce, “Madam, kin san dai na bara aka sayar miki.”

Ta ce, “Kasuwa duka na zagaya kafin in same shi. Mai shi har rantsuwa ta yi ba za ta cuce ni ba, sai da na roƙe ta. Ina ni ina sa wa 'ya'yan mutane yaji a ido?”

Ta ɗaure buhun ta sunkuya za ta ɗauka. Mushe Ari ya dafe shi.

“Bar shi nan. Akwai wuri a ofis, bayan kabad.”

Ta ɗago ta dube shi.

Ya ce, “Laraba na nan tafe. Kuma yaran suna da yawa.”